Babi na Biyar: Ranar da Zafi Ya Koro Unguwa Waje

Zafi ba shi da kamanni. Ruwan sama ana ganin zubarsa, guguwa ana ganin yadda take kaɗa bishiyoyi, hazo kuwa shi da kansa yake rufe idon kyamara. Amma ranar da gari ya ɗauki zafi, hoton titi bai bambanta da na jiya ba. Daraktan da ke son mai kallo ya ji ƙuna a jikinsa, alhali yana zaune a ɗakin sinima mai sanyi, ba shi da wata hanya sai ya nuna abin da zafin ke yi wa mutane. Abu na farko kuma da yake yi musu a unguwar talakawa ta babban birni shi ne ya hana su zaman ɗaki. Tsoho ya fito da kujerarsa bakin ƙofa, mata su buɗe tagogi, samari su cika matakalar gida, yara su bazu a kan kwalta. Mutanen da sanyi ke ɓoyewa wata da watanni, kowa a bayan ƙofarsa, sai ga su a fili ɗaya suna kallon juna. Abin da nake son tabbatarwa a wannan babi shi ne, fina-finan da suka iya ɗaukar unguwa a lokacin bazara sun gane cewa aikin zafi shi ne tona abin da ke tsakanin maƙwabta, mai daɗi da marar daɗi. Shi bai ƙirƙiri komai ba. Duk abin da ya bayyana a ranar, da ma can yana nan.

Babu fim ɗin da ya kai Do the Right Thing nuna wannan, wanda Spike Lee ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a ciki, aka sake shi a 1989. Labarin gaba ɗayansa kwana ɗaya ne, daga safiya zuwa wayewar gari, a layi ɗaya tak na unguwar Bedford-Stuyvesant da ke Brooklyn a birnin New York, unguwar da a wancan lokacin galibin mazaunanta baƙaƙen fata ne. An ɗauki fim ɗin a bazarar 1988 a kan titin Stuyvesant, tsakanin titin Quincy da na Lexington. Gidajen da ake gani na gaske ne, da mutane a ciki, amma shagon fiza na Sal da kantin ɗan Koriya da ke fuskantarsa gina su aka yi a kan filayen da babu kowa. Tun da sassafe mai gabatar da shiri a ƙaramin gidan rediyon unguwa, wanda Samuel L. Jackson ya fito a matsayinsa, yake shelar cewa zafin ranar zai haura digiri 100 a ma'aunin Amurkawa, wato wajen digiri 38 a namu. Mutumin Sakkwato ko Damagaram da ya saba da watan Afrilu zai ga wannan ba wani abin kai ƙara ba ne. Sai dai gidajen Brooklyn na jan bulo ne, a manne da juna, an gina su don su riƙe ɗumi a lokacin hunturu, ba tsakar gida, ba zaure, ga iskar bakin teku mai danshi da ke hana gumi bushewa. Wanda ba shi da kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, titi ne kaɗai mafitarsa.

Makonni aka yi ana ɗaukar abin da zai fito a matsayin yini ɗaya, kuma ba kullum rana ke ba da haɗin kai ba, don haka zafin da mai kallo ke ji ƙera shi aka yi da hannu. Mai ɗaukar hoto Ernest Dickerson da mai tsara fage Wynn Thomas da mai tsara sutura Ruth Carter sun haɗu a kan shawara ɗaya: a rage shuɗi da kore, a cika ido da ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Akwai wata katanga da aka shafe da jan fenti mai tsananin haske, aka zaunar da dattawa uku a gabanta ƙarƙashin 'yar lema, suna hira daga safe har dare. Ko ba a ce komai ba, ganin katangar nan kawai yana sa mutum ya nemi ruwa. Dickerson yakan sa wuta a ƙasan gilashin kyamara don iskar da ke tashi ta riƙa rawa, yadda take yi a kan kwalta da tsakar rana. Yakan kuma karkata kyamarar idan rai ya fara ɓaci, ya matso da ita dab da fuska har a ga ɗigon gumi a goshi. Sannan ga ƙananan abubuwa da aka warwatsa cikin fim ɗin: kanun jaridu a jere duk suna kukan zafi, wata ta tsoma fuska cikin ruwan ƙanƙara, wani ya dafa gwangwanin abin sha mai sanyi a wuya, yara sun kewaye mai sayar da kankararriyar ƙanƙara da ake zuba wa zaƙi.

Wurin da ya fi cancanta a tsaya a kai shi ne inda samari suka ɓalle famfon 'yan kwana-kwana da ke bakin titi. Wannan daɗaɗɗiyar al'ada ce a unguwannin talakawan New York, domin ba kowa ke da halin zuwa bakin teku ko wurin ninkaya ba. Wasu samari biyu suka goga gwangwani a kan daɓe har gindinsa ya fita, suka kafa shi a bakin famfon don su riƙa juya ruwan inda suka ga dama. Nan take layin ya rikiɗe: ana ihu, ana dariya, ana ɗaukar 'yan mata ana jefawa cikin feshin ruwa. Sai ga Radio Raheem, ƙaton saurayi mai ƙatuwar rediyo a hannu, ya tsaya bai ce uffan ba. Samarin suka kauda ruwan har ya wuce, domin kowa a layin ya san matsayin rediyon nan a wurinsa. Jim kaɗan wani Bature baƙo ya iso da motarsa mai buɗaɗɗen sama, ya yi musu magana da tsawa kada su jiƙa masa mota, suka ce ya wuce, yana shigowa suka sheƙa masa ruwa. 'Yan sanda biyu suka zo, suka tambayi wa ya yi, aka rasa mai buɗe baki, suka rufe famfon suka tafi. A cikin 'yan mintoci an nuna mana dokokin layin da ba a rubuta ba: wa ake ragawa, wa ba a ragawa, da kuma yadda unguwa ke haɗe kai ta yi gum idan hukuma ta zo. Da ranar sanyi ce, da sai an yi dogon bayani kafin mu san waɗannan abubuwa.

Lee bai fara wannan dabara ba. A 1954 Alfred Hitchcock ya gina Rear Window a kanta: mai ɗaukar hoto ya karye a ƙafa, yana zaune a ɗakinsa a Greenwich Village, zafi ya sa maƙwabta duk sun buɗe tagogi sun ɗage labule, har wasu ma'aurata sun shimfiɗa katifa a barandar ƙarfe ta waje. Da ba don zafin ba, da babu abin da zai gani, da babu labarin. Tun kafin nan, a 1949, Akira Kurosawa ya tura wani matashin ɗan sanda da aka sace wa bindiga a cikin cunkoson bas ya yi ta yawo a kasuwannin bayan fage na Tokyo cikin gumi, ta haka ya nuna birnin da yaƙi ya talauta. Amma akwai bambanci. Maƙwabtan Hitchcock ana ganinsu ne kawai, ba su san juna ba. Lokacin da aka kashe ɗan karen wata mata, fitowa ta yi tana kuka tana zarginsu da rashin sanin haƙƙin maƙwabtaka. Mutanen Lee kuwa sun san juna ciki da bai. Akwai Mother Sister, tsohuwar da ke zaune a tagarta tana lura da shige da ficen kowa, akwai Da Mayor, tsohon mashayi da ake yi wa dariya amma shi ya yi tsalle ya ture yaro daga gaban mota. Wannan ita ce irin unguwar da Jane Jacobs ta kare a littafinta na 1961 kan manyan biranen Amurka, inda ta ce idanun mazauna su ne ke tsare titi.

Sai dai sanin juna ba ya nufin daidaito, kuma a nan fim ɗin ya wuce kallon sha'awa. Da zafi ya tara kowa a fili, sai aka ga wane ne ke da me. Shagon fiza na Sal ne, ɗan asalin Italiya, wanda ya shekara 25 a layin amma shi da 'ya'yansa biyu a wata unguwa suke kwana. Kantin kayan masarufi na ɗan Koriya ne da bai daɗe da zuwa ba. Ɗaya daga cikin gidajen ma wani farar fata ya saye shi. Dattawan nan uku da ke gaban jar katanga suna kallon kantin suna tambayar juna yadda aka yi baƙo ya kafa sana'a a layinsu su kuwa ba su da komai. Rikicin da ya ci ran Radio Raheem ya faro ne daga abin da ake iya ɗauka ƙarami: wani matashi da ake kira Buggin' Out ya ɗaga kai yana cin fiza, ya ga bangon shagon cike da hotunan fitattun Amurkawa 'yan asalin Italiya, babu baƙar fata ko ɗaya, alhali kuɗin baƙaƙe ke riƙe da shagon. Sal ya ce shagonsa ne, bangonsa ne. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, kuma Lee bai rage wa ɗayansu ƙarfi ba. Ya ma nuna yadda mutanen layin suka ƙi goyon bayan ƙaurace wa shagon, domin da fizar Sal suka girma.

A nan wani zai ce na rage wa zafi matsayinsa. Ai sananne ne cewa zafi yana gajarta haƙuri, bincike da dama kuma sun nuna faɗace-faɗace na ƙaruwa a watannin zafi. Manyan tarzomomin biranen Amurka ma a bazara suka auku: Harlem da ita kanta Bedford-Stuyvesant a Yulin 1964, Watts a Agustan 1965, Newark da Detroit a Yulin 1967. Me zai hana a ce zafi ne ya kashe Radio Raheem? Ban musanta cewa zafi yana da hannu a lokacin da abu ke fashewa ba. Da Sal bai wuni gaban tandar fiza ba, wataƙila da bai ɗauki kulkin wasan ƙwallo ya farfasa rediyon saurayin nan ba, wataƙila da kalmar wulaƙancin da ta fito daga bakinsa ta tsaya a maƙogwaro. Amma kalmar tana cikinsa kafin rana ta fito. Haka kuma zafi ɗaya ne ya sauka a kan unguwannin masu hali na birnin, ba a shaƙe kowa a can ba. Kwamitin Kerner da Shugaba Johnson ya naɗa ya binciki tarzomar 1967 ya lura cewa da yawa daga cikinsu sun tashi ne daga wata arangama da 'yan sanda, kuma a rahotonsa na 1968 ya ɗora alhakin a kan wariyar launi da talauci da rashin matsuguni mai kyau. Lee ya sa wa fim ɗinsa hujjoji daga rayuwa ta gaske: ya sadaukar da shi ga iyalan mutane irin su Michael Stewart, wanda ya mutu a 1983 bayan 'yan sanda sun kama shi, da Eleanor Bumpurs, tsohuwar da 'yan sanda suka harbe a gidanta a 1984, da Michael Griffith, wanda gungun samari farar fata suka kora har mota ta buge shi a Howard Beach a 1986. Griffith a watan Disamba ya mutu, a tsakiyar hunturu.

Fim ɗin da kansa ya amsa wannan tambaya ta hanyar ruwa. 'Yan sandan da suka rufe wa yara famfo da rana su ne suka dawo da dare, ɗayansu ya sa kulki a wuyan Raheem ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, abokin aikinsa yana ce masa ya isa, bai sake shi ba sai da ya daina motsi. Suka jefa gawar a mota suka gudu. Mookie, yaron shagon Sal, ya ɗauki garwar shara ya wurga ta tagar shagon, jama'a suka banka masa wuta. Da 'yan kwana-kwana suka iso, sai suka juya mesar ruwan a kan mutane, hoton da duk Ba'amurke zai tuna da Birmingham ta 1963, inda aka yi wa masu zanga-zangar neman 'yanci haka. Ruwan da aka yi wasa da shi da azahar shi aka yi duka da shi da tsakar dare, a lokacin rana ta daɗe da faɗuwa. Wasu masu sharhi, cikinsu har da David Denby da Joe Klein na mujallar New York, sun yi hasashen fim ɗin zai iya tunzura baƙaƙen fata su yi tarzoma. Ba a yi ba. Abin da ya faru shi ne, ƙasa da wata biyu da fitowarsa, a Agustan 1989, aka harbe wani matashi baƙar fata mai suna Yusuf Hawkins a unguwar Bensonhurst. A Yulin 2014 kuma ɗan sanda ya shaƙe Eric Garner a Staten Island, shekaru sama da 20 bayan rundunar 'yan sandan birnin ta haramta irin wannan riƙo.

Suka ta biyu ita ce Lee ya ƙawata unguwar. Wannan gaskiya ne ta fuska ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980 hodar iblis mai arha ta addabi Bedford-Stuyvesant, har sai da masu shirya fim ɗin suka ɗauki jami'an tsaro na ƙungiyar Nation of Islam suka rufe gidajen da ake sayar da ita a layin kafin a fara aiki. Amma a cikin fim ɗin ba a ga ko alamarta ba. An share titi, an shafa fenti. Tun a bikin fina-finai na Cannes 'yan jarida suka riƙa tambayarsa dalili. Ni a ganina shawarar daidai ce. Da ya shigo da ƙwaya, da ya miƙa wa mai kallo wata kafar tserewa: a ce ai ga dalili nan, unguwar mashaya ce, abin da ya samu Raheem su suka jawo. Ya cire wannan uzuri kamar yadda bai bar zafi ya zama uzuri ba. Ya kuma dawo kan batun ƙwayar a Jungle Fever a 1991, inda ya ba shi filin da ya dace.

Suka ta uku ita ce mai nauyi, kuma ba ta taɓa Lee kaɗai ba, ta taɓa duk wannan nau'in fim. Kyamara tana ganin wanda ya fito ne kawai. Amma wanda zafi ke kashewa da gaske galibi shi ne wanda bai fito ba. A Yulin 1995 zafi ya kai digiri 41 a Chicago, mutum 739 suka mutu cikin mako guda fiye da adadin da aka saba. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya bi diddigin lamarin a littafinsa na 2002, ya gano yawancinsu tsofaffi ne talakawa da ke zaune su kaɗai, wasu sun kulle tagogi saboda tsoron ɓarayi, aka tsinci gawarwakinsu bayan kwanaki. Ba ihu, ba gobara, ba abin da za a ɗauka a hoto ya ja hankali. Wani bincike na 2020 a birane 108 na Amurka ya ƙara nuna cewa unguwannin da hukuma ta yi wa jan layi a shekarun 1930 ta hana su bashin gina gida, waɗanda galibinsu na baƙaƙe da baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar ne, sun fi waɗanda aka fifita zafi da matsakaicin digiri 2.6, saboda ƙarancin bishiyoyi da yawan kwalta. Fim ɗin da ya mayar da bazara lokacin wasan ruwa da kiɗa zai iya rufe wa mutane ido ga wannan, kuma dole a yarda cewa har yanzu sinima ba ta sauke wannan nauyi ba.

Duk da haka, binciken Klinenberg bai rushe abin da Lee ya nuna ba, sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Ya kwatanta unguwanni biyu da ke maƙwabtaka da juna, dukansu na talakawa. A North Lawndale, inda masana'antu suka tashi, shaguna suka rufe, gidaje suka zama kufai, an rasa kusan mutum 40 cikin kowane 100,000. A South Lawndale, inda kantuna ke buɗe kuma titi ke cike da jama'a, kusan 4 ne. Rana ɗaya ce ta dake su. Abin da ya raba su shi ne, a ɗaya tsoho yana da inda zai fita ya zauna, yana da mai lura idan yau ba a ga tagarsa a buɗe ba, a ɗayar kuwa babu. Layin da Lee ya ɗauka irin na South Lawndale ne. Mother Sister tana da budurwar da ke zuwa ta taje mata kai a bakin ƙofa, Da Mayor yana da Sal da ke ba shi ɗan canji ya share gaban shago, kuma duk wanda ya wuce sai ya tanka masa, ko da da tsiya ne. Wannan ne ma ya sa ƙonewar shagon ta zama asara ga layin kansa, ba ga Sal kaɗai ba, ko da yake asarar gini ba ta kama ƙafar asarar rai ba, kuma Lee ya sha nuna takaicinsa kan yadda wasu masu sharhi suka fi jimamin shagon a kan mutuwar Raheem. Da gari ya waye, mai rediyo ya sanar da cewa yau ma za a yi zafi, ya tunatar da jama'a su je su yi rajistar zaɓe. A Nuwamban wannan shekara ta 1989 New York ta zaɓi David Dinkins, magajin garinta baƙar fata na farko.